Faifan Farko na Devo da Sawun da Ya Bari a Kiɗan Zamani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani faifan waƙa da ya fito a Amurka a watan Agusta na 1978. Na tabbata mafi yawan masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba, amma da wuya a sami mai kallon finafinan Turawa ko majigin yara na talabijin da bai taɓa cin karo da ɓurɓushinsa ba. Faifan shi ne na farko da ƙungiyar makaɗa ta Devo ta fitar, sunansa kuma Q: Are We Not Men? A: We Are Devo!, wato tambaya ce da amsarta, ana tambayar ko mu ba mutane ba ne, ana amsawa da cewa mu ne Devo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka ambaci wannan ƙungiya a shafukan nishaɗi, ba a wuce zancen jajayen hulunansu da rawarsu mai ban dariya, daga nan sai a rufe babi. A ganina an tauye musu haƙƙi, an kuma hana mai karatu sanin wani abu da zai amfane shi.

Mutum biyar ne suka yi faifan: Mark Mothersbaugh da ƙanensa Bob, Gerald Casale da ƙanensa wanda shi ma sunansa Bob, sai mai ganga Alan Myers. Dukkansu 'yan jihar Ohio ne, daga birnin Akron da kewayensa. Akron kuwa a wancan zamani ita ce cibiyar tayar mota ta duniya, domin a nan ne hedikwatar Goodyear da Firestone da B.F. Goodrich da General Tire suke, kuma warin roba shi ne iskar da kowa ke shaƙa tun daga haihuwa. A daidai shekarun da waɗannan samari suke neman kafa ƙungiyarsu ne masana'antun suka fara durƙushewa. Ma'aikatan roba sun yi yajin aiki na sama da wata huɗu a 1976, kamfanoni suka riƙa kwashe aikinsu zuwa jihohin kudu inda ƙwadago ya fi araha, kuma kafin tsakiyar shekarun 1980 an daina ƙera tayar ƙananan motoci a birnin. Wanda ya san Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda unguwar ta koma bayan an garƙame ƙofofinsu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan halin da 'ya'yan irin wannan gari suke tashi a ciki.

Amma abin da ya fi rufewar masana'antu tasiri a kansu ya faru ne a ranar 4 ga Mayu, 1970. A ranar ce ɗaliban Jami'ar Kent State, wadda ba ta da nisa da Akron, suka fito zanga-zangar adawa da shigar sojojin Amurka ƙasar Kambodiya, matakin da Shugaba Richard Nixon ya sanar kwana huɗu kafin nan. Dakarun tsaron jihar suka buɗe wuta, cikin daƙiƙa 13 suka kashe ɗalibai 4, suka raunata 9. Gerald Casale ɗalibi ne a jami'ar, yana wurin aka yi harbin, kuma ya san biyu daga cikin waɗanda aka kashe, Jeffrey Miller da Allison Krause. Ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa a wannan rana ce ya raba gari da tunanin matasan zamaninsa na cewa waƙar soyayya da furanni za su gyara duniya. Dama shi da abokinsa Bob Lewis suna da wata raha da suke yi, cewa ɗan Adam ya daina ci gaba, baya yake komawa, kuma duk abin da ake kira ci gaba a Amurka ci gaban mai haƙar rijiya ne. Bayan harbin sai rahar ta zama magana ta gaske, daga sunanta na Turanci kuma, de-evolution, wato juyin halitta da ya koma baya, aka yanko sunan ƙungiyar. Duk wanda bai san wannan ba zai saurari faifan ya ɗauka wasan yara ne, alhali fushi ne aka lulluɓe da raha.

Na san wannan batu na juyin halitta zai yi wa wasu masu karatu banbaraƙwai, kuma suna da hujja. Ni kaina ban yarda da zancen cewa asalin mutum biri ne ba. Sai dai ya kamata a lura cewa 'yan Devo ba darasin kimiyya suka zo koyarwa ba, zambo suke yi wa jama'arsu. Sunan waƙarsu "Jocko Homo" ma sun ɗauko shi ne daga wata ƙasida da wani mai wa'azin Kirista, B. H. Shadduck, ya wallafa a 1924 domin sukar ra'ayin Darwin, tambayar da ke cikin sunan faifan kuma ta samo asali daga wani fim na 1932 da aka gina a kan littafin H. G. Wells, inda wani likita yake ƙoƙarin mayar da dabbobi mutane. Abin da suke nufi shi ne al'ummar da ke bin talla da umarni ido rufe, tana cinye duk abin da aka miƙo mata ba tare da tambaya ba, ta zubar da darajar hankalin da aka ba ta. Wannan kuwa magana ce da malamanmu ma suke yi a kan mumbari, da wasu kalmomi daban.

Hanyar da faifan ya bi kafin ya fito ita ma abin sani ce. Tun daga 1973 suke wasa a ƙananan wurare, sau da yawa ana yi musu ihu ana korarsu. A 1975, a wani wasa da aka shirya a Cleveland, sun ja waƙar "Jocko Homo" da gangan suna maimaita amshinta har 'yan kallo suka fusata. Da suka ga babu kamfanin da zai ɗauke su, sai suka buga ƙaramin faifai da kansu a 1977 ƙarƙashin sunan Booji Boy, kamfanin Stiff kuma ya yaɗa waƙoƙinsu a Ingila. A wannan shekarar ce kaset ɗinsu ya shiga hannun fitattun mawaƙan rok David Bowie da Iggy Pop, kuma Bowie ya tsaya a gaban jama'a a wani gidan rawa na birnin New York ya gabatar da su, ya ce shi zai shirya musu faifai. Aikin fim ya riƙe shi, sai nauyin ya koma kan Brian Eno, makaɗi kuma mai shirya faifai ɗan Ingila, wanda ya biya kuɗin jirginsu da na ɗaukar sauti daga aljihunsa tun kafin a sa hannu a wata yarjejeniya, ya kai su situdiyon Conny Plank da ke kusa da birnin Kolon a Jamus ta Yamma a farkon 1978. Plank shi ne mutumin da ya yi aiki da ƙungiyar kiɗan lantarki ta Jamus, Kraftwerk, a farkon tafiyarsu, saboda haka an kai su inda aka san darajar kiɗan na'ura. Duk da haka zaman bai yi daɗi sosai ba. Eno ya so ya ƙawata waƙoƙin da sautuka masu laushi, su kuma sun zo da abin da suke so a ransu tsaf, suka ƙi mafi yawan abin da ya ƙara. A nawa ra'ayin taurin kan nasu ne ya ceci faifan, domin da an yi masa ado da ya yi kama da wasu faifai da yawa na wancan lokaci, da kuma ya tsufa tare da su.

Malam Edita, a nan nake so in ɗan tsaya, domin sautin shi ne ginshiƙin maganata. Ana yawan kiran Devo ƙungiyar sintesaiza, wato na'urar nan mai madannai da ke ƙirƙirar sauti da lantarki, amma wanda ya saurari faifan farko da kunnen basira zai ji cewa jita da ganga ne suka fi yawa a cikinsa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yadda aka yi amfani da kayan. Manyan makaɗan rok na shekarun 1970 sun ɗauki sintesaiza a matsayin hanyar kwaikwayon goge da algaitar Turawa domin kiɗansu ya yi armashi. Mark Mothersbaugh kuwa ya murɗa tasa sintesaizar, mai suna Minimoog, har ta riƙa fitar da ƙarar da ba ta da daɗi, irin ta injin da ya lalace, da jiniya, da fashewar makami, wato sautin da ke shiga kunnen ɗan Akron daga masana'anta da kuma labaran yaƙin Biyetnam a talabijin. Su kuma masu jita suka daina jan zare mai tsawo irin na nuna gwaninta, suka koma gajerun bugu masu kaifi da ake maimaitawa. Alan Myers ya riƙe gangarsa da daidaiton da ya sa abokan aikinsa suke kwatanta shi da na'urar ƙidayar bugu. Ke nan mutane biyar masu jini a jika suka horar da kansu su yi kiɗa kamar inji, domin mai sauraro ya ji a jikinsa yadda rayuwa take idan an mayar da mutum inji.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a waƙar "Satisfaction", wadda asalinta ta ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ce tun 1965. A hannun masu ita, waƙar saurayi ce mai ji da kansa, yana ƙorafi amma yana taƙama. Devo suka cire sanannen bugun jitar da kowa ya san waƙar da shi, suka sa ganga tana tafiya tana tuntuɓe kamar an juya ta baibai, muryar Mothersbaugh kuma tana rawa tana sarƙewa, har ya kai wani wuri da yake nanata kalma ɗaya ba ƙaƙƙautawa sai ka ji kamar numfashinsa zai ɗauke. Cikin ƙasa da minti uku waƙar taƙama ta koma kukan mutumin da talla ta cika masa kai da buƙatu, ya rasa wadda zai biya. Sai da suka je suka kunna wa Mick Jagger, mawaƙin Rolling Stones, ita domin neman amincewarsa, kuma kamar yadda Casale ya ba da labari, Jagger ya saurara jim kaɗan sannan ya miƙe ya kama rawa. "Jocko Homo" kuma an gina mafi yawanta a kan ƙidayar bugu bakwai maimakon huɗu da aka saba, shi ya sa ƙafar mai rawa ba ta samun wurin sauka, sai can an zo wajen tambaya da amshi tsakanin mawaƙi da jama'a kiɗan yake daidaita. Wato sai lokacin da taro ya haɗa baki yana maimaita abin da aka faɗa masa ne ake samun sauƙi, kuma ina ganin wannan shi ne saƙon waƙar baki ɗaya.

Kayan da suke sawa ma suna cikin wannan saƙo. Rigunan rawaya da aka san su da su a 1978 tufafin kariya ne na ma'aikatan da ke hulɗa da sinadarai, masu araha, kuma a tsakiyar wasa sukan yayyage su a jikinsu su rage daga su sai baƙaƙen gajerun wanduna. Da haka suka bayyana a shirin talabijin na Saturday Night Live a ranar 14 ga Oktoba, 1978, suna motsi a sandare, miliyoyin Amurkawa suna kallo ba su san ko su yi dariya ko su tsorata ba. Wasu masu sharhi sun zarge su da sha'awar mulkin kama-karya saboda shigar bai ɗaya da suke yi, ba su gane cewa abin da ake zargin su da shi, shi ne suke yi wa zambo ba.

A kasuwa faifan bai yi wani abin a zo a gani ba a ƙasarsu. Ya tsaya a mataki na 78 a jadawalin Billboard na faifan da suka fi ciniki, amma a Birtaniya ya kai na 12, kuma sai da aka shafe fiye da shekara ashirin kafin ya sami shaidar sayar da kwafi dubu 500 a Amurka. Shahararsu ta gaske ta zo ne a 1980 da waƙar "Whip It", wadda ta kai mataki na 14, kuma a lokacin ne jajayen hulunan suka bayyana. Mujallar Rolling Stone, wadda ta karɓi faifan farko da sanyin jiki lokacin da ya fito, ita ce daga baya ta sa shi cikin jerin manyan faifai 500 na tarihi a 2003, ta kuma ɗaga matsayinsa sosai a jerin 2020.

Tasirinsa ya bi hanyoyi da dama, kuma ba duka ne suke da nauyi ɗaya ba. Wanda ya fi fitowa fili shi ne na hoto mai motsi. Tun a 1976 suka yi wani gajeren fim tare da Chuck Statler, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Ann Arbor a 1977, domin su tun farko ɗaliban zane ne da suka ɗauki waƙa da hoto da sutura a matsayin aiki guda. Da tashar MTV ta buɗe a ranar 1 ga Agusta, 1981, tana neman bidiyon da za ta cika lokaci da shi, Devo na cikin ƙalilan da suke da nasu a ajiye. Yau babu mawaƙin da zai saki waƙa ba tare da tunanin bidiyonta ba, kuma waɗannan 'yan Akron suna cikin waɗanda suka share wannan hanya. Sai kuma makaɗan da suka biyo baya. Mawaƙi Neil Young ya ɗauko sunan faifansa na 1979, Rust Never Sleeps, daga bakinsu. Nirvana da Soundgarden da Rage Against the Machine, waɗanda kiɗansu mai nauyi ne da ba ya kama da na Devo ko kaɗan, duk sun sake rera waƙoƙin ƙungiyar, abin da ke nuna cewa sun ji fushin da ke ƙarƙashin rahar. A Japan kuwa ƙungiyar Polysics, wadda aka kafa a Tokiyo a 1997, ta ɗauki salon da shigar gaba ɗaya ba tare da ɓoyewa ba. Martin Scorsese ya sa "Satisfaction" ta Devo a fim ɗinsa Casino na 1995, Wes Anderson ya sa "Gut Feeling" a wani fim nasa na 2004, waƙar da ta buɗe faifan kuma, "Uncontrollable Urge", ita ce ta zama taken wani shirin barkwanci na MTV a 2011.

Hanyar da ta fi shiga gidajen mutane ba tare da sun sani ba ita ce ta Mark Mothersbaugh kansa. Bayan tauraron ƙungiyar ya dusashe, ya koma tsara kiɗan talabijin da finafinai, ya kafa kamfaninsa Mutato Muzika a 1989. Shi ne ya yi kiɗan majigin yara na Rugrats daga 1991, da na finafinan farko guda huɗu na Wes Anderson, da The Lego Movie a 2014, da Thor: Ragnarok a 2017. Yaran da suka taso suna kallon waɗannan sun saba da sauti mai karkata da tsalle-tsalle tun kafin su san wanda ya ƙirƙiro shi.

Akwai kuma wani zare da ya taɓo mu nan gida. Brian Eno, bayan ya gama da Devo, ya wuce kai tsaye zuwa aiki da ƙungiyar makaɗan Amurka ta Talking Heads, kuma shi mutum ne da ya daɗe yana yaba kiɗan Fela Kuti da gangar Tony Allen. Faifan Remain in Light da ya shirya musu a 1980 an gina shi ne a kan maimaita bugu irin na Afrobeat. Fela kuwa, a daidai shekarun da Devo ke yi wa Amurkawa zambon zama inji, ya fitar da Zombie, inda ya siffanta soja a matsayin wanda ba ya motsi sai an ba shi umarni, abin da ya biyo baya kuma shi ne farmakin da aka kai gidansa na Kalakuta a watan Fabrairu na 1977. Kowannensu ya ga abin da bindigar hukuma take yi wa farar hula, kowannensu kuma ya zaɓi ya kwaikwayi sandararren motsin mai bin umarni domin ya tona asirinsa, ko da yake farashin da Fela ya biya ya fi nasu nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye aibin faifan ba. Sunan ɗaya daga cikin waƙoƙinsa kalma ce da a da ake kiran masu wata lalura ta haihuwa da ita, wadda yau aka yarda cewa cin mutunci ce, kuma ko da an ce manufar waƙar ita ce nuna cewa mutumin yana zaune lafiya cikin jama'a yana aikinsa, ban ga dalilin da zai sa a kare kalmar ba. Wasu baitocin kuma ba su dace da kunnen yara ba. Haka nan ƙungiyar da ta fara da sukar talla ta wayi gari tana ba da waƙoƙinta ana tallan kaya da su, har ta amince kamfanin Disney ya kafa wata ƙungiyar yara mai rera waƙoƙinta a 2006. Su suna cewa shiga cikin kasuwa ita ce hanyar yi mata illa daga ciki. Ni ban gamsu da wannan hujja ba, kuma ina ganin kasuwar ce ta ci riba. Wannan ne ma ya sa nake fifita faifan farko a kan duk abin da suka yi daga baya, domin a cikinsa ne kaɗai babu wanda ya isa ya ce sun sassauta. Alan Myers ya rasu a 2013, Bob Casale ya bi shi a 2014, kuma duk da an gabatar da sunan ƙungiyar har sau uku domin shiga zauren karrama makaɗan rok da ke Cleveland, a cikin jiharsu ta haihuwa, ba a zaɓe su ba a duka ukun.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan ya shafi mai karanta jaridar Hausa shi ne, mu ma yau mafi yawan waƙoƙinmu a kan fiyano da kwamfuta ake haɗa su, kuma muhawarar da muke yi ba ta wuce ko na'ura ta kashe kalangu da kotso ko ba ta kashe ba. Faifan Devo ya nuna cewa akwai wata tambaya da ta fi wannan amfani, ita ce me makaɗi yake so ya faɗa da na'urar da ke gabansa. Matasanmu da ke situdiyo a Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi suna da kayan aikin da suka fi na Conny Plank ƙarfi a cikin kwamfuta guda, amma da yawa suna amfani da sautin da aka riga aka ajiye a cikin na'urar, shi ya sa waƙoƙi da dama suke kama da juna.

Saboda haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a ware wani fili ko da sau ɗaya a wata da za a riƙa ɗaukar faifai guda, na gida ko na waje, a bayyana garin da ya fito, da halin da aka yi shi a ciki, da yadda aka haɗa sautinsa, da waɗanda suka ɗora a kansa. Idan an amince, ina ba da shawarar a fara da wannan na 1978, mai waƙoƙi 11 da ba su kai minti 40 ba, a kuma nemi wani daga cikin masu haɗa kiɗa na situdiyonmu ya saurare shi ya faɗi abin da ya ji.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Kaduna